Gorar da Ba Ta Kumbura Ba

Tambayi duk mai sayar da zoɓo ko kunun aya, daga Saulawa har tashar motar Ikara, yadda ake gane wanda ya lalace, amsa ɗaya za ka ji. A matsa gorar; in ta yi tauri, ta juya. A murɗe murfin. In ta yi huci ko kumfa ta taso, ta juya. A sansana, a ɗan kurɓa. Kunun aya in ya wuce lokacinsa sai ya kama tsami, wani lokaci ya yi yauƙi, ka ga yana bin bakin gora yana ja. Zoɓo kuwa yakan ɗauko wani wari mai hawa kai. Duk wannan gaskiya ne, kuma matan da ke wannan sana'a sun fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Shakkata a kan wani abu daban take: shin wannan sanin yana kare wanda ya sha? A nawa lissafin, asarar mai sayarwa kaɗai yake ganowa. Abin da ke kai mai saye gadon asibiti ba ya huci, ba ya kumfa, ba ya canza launi.

Sai a fara da abin da ke kumbura gorar. Yis ne, irin wanda ke tayar da ƙullin fanke da burodi. Yana nan a iska, a bawon citta da abarba, a jikin dabino, a hannun mai tata. In ya sami sukari da ɗumi sai ya ci, ya fitar da iska da barasa. Iskar ba ta da hanyar fita daga gorar da aka ɗaure, shi ya sa take tauri. Tsamin kuma aikin wasu ƙwayoyin ne, dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo. Yauƙin ma daga wasu cikinsu yake, suna saƙa sukari ya zama wani abu mai danƙo. Tun a 1876 Louis Pasteur na Faransa ya fitar da littafi a kan cututtukan giya, ya nuna cewa kowane irin lalacewa da ƙwayar da ke jawo shi. To amma waɗannan ƙwayoyi, masu hayaniya da wari, galibinsu ba su ne ke kisa ba. Suna ɓata kaya, su ɓata ciki, su sa a zubar. Rabuwar da kunun aya ke yi, gari a ƙasa ruwa a sama, wannan ma ba alamar komai ba ce. Sabo fil ma yana yi in ya zauna.

Ga Musulmi akwai wata damuwar a nan, kuma ba ƙarama ba ce. Zoɓon da ya yi huci ya kama hanyar zama giya, ko mai shi ta nufa ko ba ta nufa ba. Littattafan hadisi sun kawo yadda ake jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dabino ko zabibi a ruwa, ya sha, amma ba ya barin jiƙon ya wuce kwana na uku. Saboda haka hancin da ke gudun warin barasa yana da aikin yi, ban raina shi ba. Iyakar aikinsa ke nan.

Ina jin wani ɓangare na yardar da muka ba ido da hanci daga makarantar allo da zaure muka taso da ita. Duk wanda ya karanta Ishmawi ko Risala ya san ana auna ruwan tsarki da abu uku: launi, ɗanɗano da ƙamshi. In najasa ta canza ɗaya daga cikinsu, ruwan bai yi ba. Wannan hukuncin alwala ne da wanka, malaman da suka rubuta shi ba su ce ma'aunin lafiyar ciki ba ne. Mu ne muka ɗauko shi muka kai shi bakin randa. Ruwa na iya zama garau, ya halatta a yi alwala da shi, kuma yana ɗauke da ƙwayar kwalara da za ta kwantar da gida guda.

Su giyar gida ma, waɗanda aka yi da gangan, labarinsu ɗaya ne. Burkutu ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Ana dafa shi a wasu unguwanni da ƙauyuka, kuma tsohuwar sana'a ce a gidajen Maguzawa. Ana jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a bar ta ta tashi. A ƙwarya aka saba shan sa, yana kan tashi, domin bai gama aiki ba ake sha. In aka ɗura shi a gora aka ɗaure, ko dai ya fasa murfi ko ya yi feshi a fuskar mai buɗewa, cikin 'yan kwanaki kuma ya tsinke ya zama ruwan tsami. Kamfanonin da ke yin irinsa a kudancin Afirka, kamar masu Chibuku, sai da suka bar 'yar kafa a saman kwalin don iska ta riƙa fita. Masu dafa burkutu sun san duk alamomin lalacewarsa. Kuma a gaskiya dahuwa biyu da tsami da barasa ba su bar wa ƙwayar kwalara wurin zama sosai ba. Haɗarinsa ta wata ƙofa yake shigowa.

A watan Janairun 2015, a garin Chitima da ke lardin Tete na ƙasar Mozambik, mutane sun dawo daga jana'iza suka sha giyar gida da ake kira pombe. Mutum 75 suka mutu, har da matar da ta dafa, sama da 200 suka kwanta. Da farko aka ce wani ne ya zuba ɗacin kada a ciki. Sai bayan watanni bincike ya nuna garin masarar da aka yi amfani da shi ne ya jiƙe da ruwan ambaliya, wata ƙwaya ta yi girma a cikinsa ta bar guba mai suna bonkirekik, wadda dahuwa ba ta kashe ta. Ba wanda ya ji wari. Matar da ta fi kowa sanin giyarta ta sha ta mutu. A shekarar dai, cikin Afrilu, mutane suka riƙa makancewa suna mutuwa a Ode-Irele ta jihar Ondo, aka ce fushin gunki ne, ashe sinadarin metanol ne a cikin ogogoro. Zuwa Yuni irin wannan ya kashe gommai a jihar Ribas. Metanol ba ya bambanta da barasa a hanci ko a harshe, kuma sai ya ɗauki rabin yini ko yini guda kafin ido ya fara dushewa. Tsimuwar hatsi kaɗai ba ta samar da shi da yawan da zai yi kisa. Yawanci zuba shi ake yi don a ƙara wa abin ƙarfi da araha. A nan arewa akwai ƙarin kuɗin da ake biya: kunya. Wanda ya sha a ɓoye ba zai gaya wa likita abin da ya sha ba, sai ya ce zazzaɓi ne, a yi ta maganin abin da ba shi ba har lokaci ya ƙure.

Wani zai ce wannan matsalar mashaya ce, ina ruwan mai zoɓo. To a tuna Kano, watan Maris na 2021, gab da azumi. Mutane suka fara cika asibitoci da amai da jiri da fitsarin jini. Abin da ya haɗa su shi ne lemon da aka haɗa a gida ko aka saya a ƙulle, da garin lemo da kuma ɗan tsami. Zuwa Afrilu kwamishinan lafiya na jihar, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya ce mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta, wajen 50 kuma ana yi musu maganin ƙoda. Hukumar NAFDAC ta ce abin da aka sayar a matsayin ɗan tsami wani sinadarin masana'antu ne, haidiroksilamin. Farin gari ne, kamar na gaskiyar. Ba giya a ciki, ba tsimuwa, ba gorar da ta kumbura. Ko mai haɗawa ta wanke hannunta sau goma, gubar a ƙullin leda ta sayo ta daga kasuwa. Kuma 'yan kasuwar Ikara da Makarfi da Hunkuyi daga ina suke saro irin waɗannan kaya in ba Kano da Zariya ba?

Yanzu ga lissafin.

Ana yawan cewa zoɓo da kunun aya sana'a ce da ba ta da faɗuwa. Duk taron koya wa mata sana'a sai ka ji ta, tare da sabulun ruwa da man shafawa. Jari kaɗan, riba nan take, ba sai an fita daga gida ba, yara su kai talla. Masu saye kuma ga su nan birjik: masu saran rake a fadamun Makarfi da Kudan, masu ɗiban tumatir, 'yan acaɓa, 'yan makaranta, duk wanda lemon kwalba ya fi ƙarfin aljihunsa. Abin da ba a faɗa a wurin taron shi ne ribar tana fitowa ne daga wasu kuɗaɗe da ya kamata a kashe amma ba a kashe ba.

Na farkonsu gora. Kusan duk gorar da ake ɗura zoɓo a cikinta wani ya riga ya sha ya yar. Yara da 'yan jari-bola ne ke tsinto su a wurin biki, a tasha, a kwata, a bola, su sayar a buhu. Tsakanin bakin mai sha na farko da hannun mai zoɓo, ba wanda ya san inda gorar ta biya. A ƙasar noma irin tamu wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. A gora manomi ke sayen awon maganin feshi in ba shi da kuɗin lita guda. A gora ake ƙulla fiya-fiya. A gora 'yan bumburutu ke auna fetur, a gora mai maganin gargajiya ke zuba tsimi, a gora majinyaci ke tofa kaki da dare. Fetur dai yana tona kansa da wari. Maganin ciyawa da aka ɗauraye sau biyu ba lallai ya yi ba.

Na zauna a tsakar gidan wata 'yar'uwa ina kallon wankin. Baho biyu ne, ɗaya na ruwan omo, ɗaya na ɗauraya. Yarinya ta nutsa gora, ta girgiza, ta juye, ta jefa a baho na biyu. Kafin a ci rabin buhun ruwan ɗaurayar ya yi fari-fari, kumfa na yawo a kansa, ba a canza ba domin jarka sayen ta ake yi. Murafen an tara su a kwano an watsa musu ruwa. Na ɗauki ɗaya na duba tsagin cikinsa, inda yake murɗuwa: wani baƙin layi ne siriri kwance a ciki, soso ba ya kai wa nan.

Na ce, "Yaya, me zai hana ki zuba musu tafasasshen ruwa?"

Ta yi dariya ta ce, "Gwada mana ka gani."

Gaskiyarta. Robar da ake yin waɗannan goruna da ita takan fara laushi tun zafi bai wuce digiri 70 ba. Ruwan da ya tafasa yana taɓa ta sai ta motse ta karkace. Wato ba a iya dafa gorar, ba a kuma iya ɗura abin sha a cikinta da zafinsa. Nan ne aikin ke warwarewa. An tafasa zoɓo sosai da citta da kanumfari, duk wata ƙwaya ta mutu. Sai a sauke, a bar shi a buɗe ya huce, a sirka da ɗanyen ruwa don ya auku, a sa hannu a matse a rariya, a ɗebo da kofi a zuba ta mazurari cikin gorar da aka ɗauraye a baho na biyu.

"Ai na burtsatse ne, garau yake," in ji ta da na tambayi ruwan sirkin. Mai yiwuwa daga bakin famfon lafiyarsa lau. Jarkar mai ruwa kuma yaushe rabon da a wanke cikinta, wannan ita ma ba ta sani ba.

Zoɓo ma da sauƙi. Tsaminsa na asali yana da ƙarfi, yawancin ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗin zama a cikinsa, duk da cewa sirki da sukari suna rage masa wannan kariyar. Kunun aya ne abin tsoro, kuma shi ne ya fi tsada ya fi farin jini. Aya a cikin ƙasa take girma, a ƙasa ake shanya ta. Ba a dafa ta. Jiƙawa ake yi, a kai injin markaɗe wanda ya gama niƙa ƙullin wani gidan, a tace, a zuba sukari da dabino da kwakwa. Ba tsami, ga maiƙo, ga zaƙi. Ƙwayar cuta in ta sami irin wannan wuri da ɗumi tana iya ninkuwa duk minti 20. Ƙwaya ɗaya tak da ta shiga da ƙarfe bakwai na safe, in komai ya yi mata daidai, zuwa ƙarfe biyu na rana ta haura miliyan biyu. Kuma a bazara, lokacin da zafi ke dosar digiri 40, lokacin da azumin 'yan shekarun baya ya riƙa faɗowa, shi ne lokacin da aka fi sayen sa. A watan Yunin 2024, da kwalara ta ɓarke a Legas, jami'an lafiya na jihar sun ce da yawa daga waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa sun sha wani kunun aya na gora marar rajista. Wani abin ban takaici: ƙwayar kwalara ba ta son tsami. Gorar da ta fi daɗi a baki, sabuwa, mai gardi, wadda hanci ya ba ta shaida, ita ce ta fi dacewa da ita.

Kuɗi na gaba sanyi ne. Firji yana son wuta, wutar kuwa kowa ya san halinta a ƙauyukanmu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, tayar da janareta don gora hamsin ya zama wauta, ƙanƙara kuma ta zama kayan gabas. Ana sayo ta daga gari, a jera a kula, zuwa la'asar ta narke gorunan na iyo a cikin ruwan, yaro na tsoma hannun da ya karɓi kuɗi da shi yana lalubo mai sanyi. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, tsayar da ita kawai yake yi. Gorar da ta daskare jiya, ta narke yau, ta sake daskarewa da aka kawo wuta cikin dare, duk awannin da ta yi a narke suna nan a rubuce a cikinta, sai dai ba mai iya karantawa. Masu saye kuma sanyi suke taɓawa su yanke hukunci. In ta yi raɓa a jiki, shi ke nan.

Sai kwantai, wanda shi ne ke tura mutanen kirki yin abin da ba su so. Mu ɗauka, don lissafi kawai, mace ta haɗa gora 50, ribarta kuma kashi ɗaya ce cikin biyar na ciniki. Kuɗin gora 10 ke nan nata, sauran 40 na aya ne da sukari da niƙa da ƙanƙara da ruwa. In hadari ya haɗo da rana, gari ya yi sanyi, yarinya ta dawo da gora 10, ranar aikin banza aka yi. In ta dawo da 15, an taɓa uwar kuɗi, ga zubin adashi na jira. Wace ce za ta zubar? Sai a mayar firji a yi addu'ar a kawo wuta. In da safe ya ɗan juya, a juye a cikin sabo, a ƙara sukari, a ɗiga filebo. Alamomin nan da aka ce su ne kariyar mai saye, mai sayarwa ta riga shi ganin su, kuma tana da abin rufe su a kan kanta. Ban ce kowa na yi ba. Na ce lissafin yana tura kowa can.

Ɓangaren mai saye ya fi wuyar tarawa, domin ba a rana ɗaya ake biya ba. Kwalara ita ce mai gaggawa, tana iya zuƙe babban mutum cikin awanni. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, mafi yawansu a arewa. Ba zoɓo ne ya jawo wannan ba, ruwan sha ne da bahaya a fili, amma da ruwan nan ake sirka zoɓon. Taifot kuwa takan yi mako ɗaya zuwa uku kafin ta bayyana. Ciwon hanta mai sa shawara, wanda ake ɗauka ta ruwa da abinci, yakan kai wata, kuma wani nau'insa yana da mugun haɗari ga mai juna biyu. Wa zai tuna gorar da ya sha a kasuwa mako uku da suka wuce? Sai a ce rana ce, ko sauro, ko sammu. Kuɗin dai sai an biya: kemis tukuna, allura, ledar ƙarin ruwa, in abin ya ƙi, kuɗin mota zuwa babban asibitin Ikara ko Makarfi, in taifot ta huda hanji, sai asibitin Shika, sai tiyata. In da damina ne a haɗa da kwanakin noman da suka wuce da kuɗin 'yan ƙwadago. Akuya ta tafi, ko buhun masarar da aka ajiye don taki. Ba ko sisi daga wannan da zai koma kan farashin gorar, shi ya sa har gobe take da araha.

To a kai gwaji mana, in ji mai ilimin boko. NAFDAC na da ɗakin gwaji a Kaduna, jami'ar Ahmadu Bello na nan Zariya. Amma kafin a shuka ƙwaya a ga abin da ya tsiro ana buƙatar yini ɗaya ko biyu, kunun aya kuwa bai kai haka a duniya ba. Sakamako zai fito bayan an shanye. Kuma gwajin gorar Litinin bai ce komai a kan ta Talata ba. Rajista ma haka. Ana son ɗaki na musamman, da takarda a jikin kaya, da kuɗin da mai gora hamsin ba ta taɓa riƙewa a dunƙule ba. Lambar da ke jikin takarda kuwa, duk mai injin buga kati zai iya buga ta.

Masu cewa a hana sana'ar gaba ɗaya su ma ban ga sun yi lissafi ba. Da wannan kuɗin ake sayen sabulu da littafin makaranta da kayan ɗakin 'ya mace a gidajen da matan ba sa fita. In an hana a tasha, za a sayar a zaure. Kwace kula daga hannun yarinya 'yar shekara goma ba ya gyara rijiya ko ɗaya. Dattawa na ba da labarin duba-gari, yadda yake shiga gida ya leƙa randa ya duba masai, mata na ɓoye tukwane in an ce ga shi nan. Makarantar kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiya, 'ya'yan yankin nan da yawa sun bi ta cikinta. Ilimin yana kusa. Wanda zai ɗauke su aiki ya ba su babur su zaga unguwanni suna nuna yadda ake jiƙa gora a ruwan kulorin, shi ne ba a gani.

Ni abin da na fi zargi ita ce gorar kanta. Da can koko da kunu a tukunya ake sayar da su, da zafinsu, ka miƙa kwanonka a zuba maka. Zafin nan shi ne kariyar, kuma in ya huce kowa ya gani. Fura a gabanka ake dama ta. Gora ta zo da kamannin kayan kamfani, ga murfi a ɗaure, sai zuciya ta kwanta. Alhali abin da ke sa lemon kamfani ya yi watanni shi ne an tace ruwan, an kashe ƙwayoyin da zafi ko da sinadari, an rufe da murfin da ba a taɓa buɗewa ba. A gorar talla zoben murfin a tsinke yake tun kafin ta zo hannunka. Siffar aka aro, aikin da ke bayanta ba a aro ba, kuma ta ɓoye abu ɗaya da tukunya ba ta iya ɓoyewa, wato tun yaushe aka yi.

Akwai matan da ke yin abin yadda ya kamata, na san wasu. Suna sayen sababbin goruna daga Zariya ko Kano, suna tafasa duk ruwan da zai shiga ciki har na sirki, suna zuba wa aya ruwan zafi kafin niƙa, ba sa sayen farin garin da ba su san asalinsa ba, tsamiya ko lemon tsami suke sawa, kuma suna yin kaɗan don ya ƙare a yinin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne: itace ko gawayi, kuɗin mota, ribar da aka haƙura da ita. Dole gorarta ta fi ta maƙwabciya tsada. In an jera su a kula ɗaya kuma ba abin da zai bambanta su, ja ɗaya, sanyi ɗaya, duk ba su kumbura ba. Mai saye ya matsa wannan, ya matsa waccan, ya ɗauki mai araha. Wanda ya tsira shi ne wanda ya san gidan da aka yi, ya san rijiyarsu, ya san halin matar, abin da mutumin Saulawa zai iya a Saulawa amma ba zai iya a tashar Makarfi ba.

Inda ake da ikon canza wani abu shi ne wurin manyan saye: biki, suna, walimar sauka, buɗe-bakin masallaci. Nan ne mutum ɗaya ke yin odar gora ɗari biyu ko uku, yana iya cewa ga kuɗin sababbin goruna, ga na itace, a yi da asuba kada a yi da dare. Amma na sha jin yadda cinikin ke tafiya. Uwar biki ta ce, "Haba Hajiya, ɗari uku fa zan ɗauka, ki rage mini." A ja, a ja, a rage. Sukari ba ya raguwa, domin baƙi za su ji a baki su yi gulma. Ƙanƙara ba ta raguwa, domin za su taɓa. Abin da mai zoɓo ke iya cirewa ba wanda ya lura shi ne itacen tafasa ruwan sirki, kuma tun daren jajibiri za ta fara ɗurawa, don hannu biyu ba sa cika gora ɗari uku da safe ɗaya.